Akuyar Rabbi da Shugaban Yukren: Abin da Na Gano a Barkwancin Yahudawa

Ɗakinmu a hostal don mutum huɗu aka gina shi. A wannan zangon mu tara ne a ciki, ban da ƙanin wani da ke zuwa kwana duk daren Juma'a. Wanda ya taɓa zama a bulok ɗinmu ya san yadda abin yake: katifa kan katifa, risho a ƙarƙashin gado, bokitai a bakin ƙofa, soket ɗaya tak kuma kowa na son caji. Wani dare da aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci, sai ɗaya daga cikinmu ya miƙo wayarsa yana ƙyalƙyala dariya, wai mu zo mu ga shugaban ƙasar Yukren yana tiƙar rawa. Tsohon bidiyo ne, tun kafin Volodymyr Zelensky ya shiga siyasa. Wani ya ce, “Kai jama'a, yanzu wannan ɗan wasan ne yake ja da Putin?” Sai na kan gadon sama ya amsa daga cikin duhu, “Ai Bayahude ne. Su ke juya duniya, su suka ɗora shi.” Kowa ya yi shiru, kamar magana ta ƙare ke nan.

Ni dai ba ta ƙare mini ba. Mu faɗa wa juna gaskiya, a bakinmu kalmar Bayahude ta daɗe da zama zagi, muna jefa ta ga mai rowa da mai makirci, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Sai na ga ni ɗalibin aikin jarida ne, kullum ana nanata mana a lakca cewa a bincika kafin a yaɗa, amma ban san komai game da mutanen nan ba sai abin da ake turowa a WhatsApp. Na fara da neman tarihin Zelensky, sai hanya ta kai ni inda ban zata ba, wato ga tatsuniyoyi da barkwancin Yahudawa. Kafin wani ya tare ni a bakin kanti, bari in faɗa tun yanzu: ban zo wanke gwamnatin Isra'ila ba, kuma abin da aka yi wa mutanen Gaza yana mini zafi kamar yadda yake wa kowa a nan. Za mu zo kan wannan. Amma bari in fara da akuya.

Wani talaka ne da matarsa da 'ya'ya shida da surukarsa, duk a ɗaki guda. Ya je wurin malaminsu, wanda suke kira rabbi, ya ce hayaniya da cunkoso za su haukatar da shi. Rabbi ya ce, kana da kaji? Ya ce e. Ya ce shigar da su ɗakin. Bayan mako ya dawo yana kuka, abin ya ƙaru. Rabbi ya ce, kana da akuya? Shigar da ita. Ya sake dawowa kamar zai mutu, akuya ta cinye tabarma, ta yi kashi a ko'ina. Sai rabbi ya ce, to je ka fitar da su duka. Washegari ga mutumin nan da gudu yana sa wa malam albarka, wai bai taɓa sanin gidansa na da faɗi da tsabta haka ba.

Da na ba 'yan ɗakinmu labarin nan sun yi dariya, don sun ga kansu a ciki, har aka fara gardamar wane ne akuyar a cikinmu. Amma ku lura da abin da rabbi ya yi. Bai ƙara wa mutumin ko taku ɗaya na fili ba, domin ba shi da ikon haka. Labarin na mutanen da ba za su iya sauya halin da suke ciki ba ne, sai dai su sauya yadda suke kallonsa, kuma suna sane da cewa dabarar tasu ita ma abin dariya ce. Wannan shi ne jigon kusan duk abin da na karanta.

In ka san inda labaran suka fito za ka gane dalili. Daga 1791 zuwa 1917 daular Rasha ta keɓe wa Yahudawa wani yanki a yammacinta, wanda ya ƙunshi sassan ƙasashen da yau ake kira Yukren, Belarus, Lituweniya, Moldoba da Polan. Yawancinsu ba su da izinin zama a wajen wannan yanki. A ƙarshen ƙarni na 19 kusan mutum miliyan 5 ne a ciki, da yawansu a ƙananan garuruwan kasuwa da suke kira shtetl, suna ɗinki, gyaran takalmi, talla da ƙananan sana'o'i. A 1827 Sarki Nikolas na Ɗaya ya sa dokar ɗibar su soja na shekara 25, har da yara 'yan shekara 12. Daga 1881 kuma aka shiga jerin hare-haren gayya a unguwanninsu, ana kisa ana ƙona shaguna, sau da yawa hukuma na kallo. Harshensu na gida shi ne Yidish, wanda tushensa Jamusanci ne, ya cakuɗa da Ibrananci da kalmomin maƙwabtansu, ana kuma rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci daga dama zuwa hagu. Mutumin da ba shi da soja, ba shi da kotun da za ta saurare shi, ba ya iya rama zagi a fili, me ya rage masa? Bakinsa, shi ma sai ya koma gida.

Gwarzon irin wannan baki shi ne Hershele na garin Ostropol, mutum na gaske da ya rayu a ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19 a ƙasar da yau take Yukren. An ce da shi mai yankan dabbobi ne, daga baya ya zama mai ba wani babban rabbi dariya a garin Medzhybizh. Labaransa duk na yunwa ne. Ya sauka a wani masauki da dare, matar gidan ta ga alamar ba ko sisi a aljihunsa, ta ce abinci ya ƙare. Hershele ya murtuke fuska ya ce, to in haka ne, dole in yi abin da mahaifina ya yi. Matar ta tsorata, ko uban nasa ɗan fashi ne, ko mai cinna wa gidaje wuta? Nan da nan ta cika masa tebur. Da ya ci ya ƙoshi ta lallaɓa ta tambaye shi, don Allah me mahaifin naka ya yi? Ya ce, in bai samu abinci ba, kwanciya yake da yunwarsa.

Wanda ya yi makarantar Islamiyya zai ji ƙamshin Juha a nan, kuma bai yi kuskure ba. Yahudawan da aka kora daga Sifen a 1492, waɗanda da yawansu suka samu mafaka a daular Usmaniyya, sun ɗauki Juha daga maƙwabtansu Musulmi suka riƙa ba da labaransa a harshensu na Ladino. Shekaru ɗaruruwa Bayahude da Musulmi suna dariyar wawa guda a kasuwa guda.

Sai kuma garin Chelm. Gari ne na gaske a gabashin Polan, kusa da iyakar Yukren, amma a tatsuniya shi ne garin da aka zube wawayen duniya, kuma ana kiransu “masu hikimar Chelm”. Sun ga wata a cikin gangar ruwa, suka rufe gangar da sauri don su adana shi saboda dararen duhu. Sun sare itatuwa a kan tudu suka sauko da su a kafaɗa, wani baƙo ya ce ai da gangaro su kuka yi, suka yi taro suka amince baƙon ya yi gaskiya, sai suka mayar da itatuwan kan tudu a kafaɗa don su gangaro su. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na ƙanƙara. Ta zuba cikin dare gari ya yi fari tas, ba sa son mai tada mutane ibadar asuba ya ɓata ta da sawunsa. Dattawa suka kwana bakwai suna shawara, suka yanke cewa ya hau tebur, mutum huɗu su ɗauke shi su zaga gari.

Wa ake yi wa dariya a nan? Ba Rashawa ba ne, ba Jamusawa ba. Dattawansu ne da malamansu, mutanen da suka fi girmamawa. Mutanen Chelm ba jahilai ba ne, kowane matakin hujjarsu daidai yake, sakamakon ne kawai shirme. Al'ummar da ta ɗauki karatu da muhawara a matsayin babban abin alfahari ita ce ta ƙirƙiro garin da karatu da muhawara suka zama hauka. (Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙungiyar ɗalibai ana awa uku kan launin rigar bikin yaye mu ya san Chelm tana da reshe a nan.) Mu ma muna da wasan barkwanci, tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, amma namu kibiyar waje take nufa, zuwa ga abokin wasa, bisa yarda. Nasu ciki take juyowa. Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam na Biyana, wanda shi ma Bayahude ne, ya rubuta littafi guda kan barkwanci a 1905, kuma ya lura da wannan ɗabi'a ta mutanensa ta yi wa kansu ba'a fiye da kowa. Ni a ganina dabarar tsira ce. In ka riga maƙiyinka faɗin aibinka, ka kuma fi shi iya faɗa, ka karɓe masa sanda.

Harshen Yidish har sunaye ya ware wa nau'o'in rashin sa'a. Shilemil shi ne wanda kullum yake zubar da miya, shilimazal kuwa shi ne wanda kullum a jikinsa miyar take zuba. Hutzpa kuma ita ce tsaurin ido na ƙarshe, irin na wanda ya kashe iyayensa sannan ya roƙi alƙali sassauci saboda shi maraya ne.

Abu na biyu da ke cikin barkwancin nan, kuma shi ya fi shafar maganar ɗakinmu, shi ne gardama. Bayan Attaura, babban littafin karatunsu shi ne Talmud, kuma yawancinsa muhawarar malamai ce, wane ya ce kaza, wane ya ja, wani lokaci a bar mas'alar ba a yanke ba, kuma ra'ayin da aka kayar ma ana rubuta shi. A makarantunsu na addini ɗalibai biyu-biyu suke zama suna ja-in-ja kan shafi guda da babbar murya. Daga nan aka samu labarin mutum biyu da suka kai ƙara. Rabbi ya saurari na farko ya ce ka yi gaskiya. Ya saurari na biyu ya ce kai ma ka yi gaskiya. Matarsa ta leƙo ta ce, ya za a yi su biyu duk su yi gaskiya? Ya yi ɗan tunani ya ce, ke ma kin yi gaskiya. Akwai kuma na Bayahuden da jirgi ya nutse da shi ya rayu shi kaɗai a tsibiri. Da masu ceto suka zo suka tarar ya gina wuraren ibada biyu. Suka ce me ya sa biyu? Ya ce wannan a ciki nake ibada, wancan kuwa ko kusa da shi ba na zuwa. Su da kansu suke cewa in Yahudawa biyu suka haɗu, ra'ayi uku ne. Gardamar takan kai har ga yin ƙorafi ga Ubangiji cikin raha, kamar yadda Tevye mai tallar madara yake yi a labaran Sholem Aleichem. Wannan ɓangaren kam yana yi wa kunnena nauyi, ba haka aka rene mu ba, amma a wurinsu alamar kusanci ce, ba raini ba.

Shi Sholem Aleichem ɗin, sunan alƙalami ne, kuma ma'anarsa daidai take da salamu alaikum. Sunansa na yanka Sholem Rabinovich, an haife shi a 1859 a Yukren, ya rasu a Niyok a 1916, dubun dubatar mutane suka fito jana'izarsa. A wasiyyarsa ya nemi duk shekara ranar da ya rasu iyalinsa su taru su karanta ɗaya daga cikin labaransa masu ban dariya. Daga labaran Tevye aka yi wasan nan na mai goge a kan rufin gida, wanda aka fara nunawa a Niyok a 1964.

Duniyar da ta haifi labaran nan babu ita yanzu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin Yidish sun kai kimanin miliyan 11. Gwamnatin Hitila da masu taya ta sun kashe Yahudawa miliyan 6, kuma mafi yawansu masu wannan harshe ne. A kwarin Babyn Yar da ke Kiyef, cikin kwana biyu na watan Satumba 1941, an harbe mutum 33,771. Chelm ta gaske ma an share Yahudawanta. Amma ko a bakin wannan rami sai da suka yi barkwanci, kuma akwai guda ɗaya da nake so na kan gadon sama ya ji. A Balin, zamanin mulkin Nazi, wani ya tarar da abokinsa a kan benci yana karanta Der Stürmer, jaridar Julius Streicher da ba ta da aiki sai ɓata Yahudawa. Ya ce, kanka ɗaya kuwa? Abokin ya ce, in na karanta jaridarmu, sai in ga an kore mu a aiki, an fasa mana shaguna, an kama wane. In na karanta wannan kuwa, sai in ga mu ke da bankuna, mu ke da jaridu, mu ke mulkin duniya. To wacce za ta fi kwantar mini da hankali?

Zancen “su ke juya duniya” yana da tarihi, ba daga sama ya faɗo ba. Babban tushensa wata takardar jabu ce da aka buga a Rasha a 1903, wai bayanin taron sirri na dattawan Yahudawa. A 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna an kwafo manyan sassanta ne daga wani littafin Faransanci na 1864 da ke sukar Napoleon na Uku, wanda ko ambaton Yahudawa bai yi ba. Duk da haka Nazi suka koyar da ita, kuma jikokinta ne ke yawo a wayoyinmu yau. Yahudawan duniya duka ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, ba su kai mutanen Kano da Jigawa in an haɗa ba.

Waɗanda suka tsira da barkwancin su ne waɗanda suka yi hijira da wuri. Tsakanin 1881 da 1924 sama da Yahudawa miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka. 'Ya'yansu suka koyi sana'ar ban dariya a otal-otal ɗin tsaunukan Catskill da ke jihar Niyok, daga nan suka shiga rediyo, fim da talabijin. Mel Brooks, wanda aka haifa a 1926, ya yi soja a yaƙin Hitila yana tonon nakiyoyi, sannan a 1967 ya yi fim ɗin da ya mai da Hitila abin dariya a dandamali. Hujjarsa ita ce ba za ka kayar da azzalumi mai iya jawabi da jawabi ba, sai da ba'a. Amma shi ma ya ce yana da iyaka, ba zai yi wasa da ɗakunan gubar da aka kashe mutane a ciki ba. A 2013 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Yahudawan Amurka abin da suke ganin wajibi ne a zama Bayahude. Kashi 42 cikin ɗari suka ambaci iya raha. Masu ambaton bin dokokin addini kashi 19 ne kacal.

To yanzu mu koma ga mai rawa. An haifi Zelensky a 1978 a Kryvyi Rih, garin masana'antar ƙarfe, a gidan Yahudawa masu jin Rashanci da ba su damu da ibada sosai ba, kamar yawancin Yahudawan Tarayyar Sobiyet. Ba zan yi muku ƙarya in ce a kan tatsuniyar Chelm ya taso ba. Makarantarsa ita ce gasar barkwanci ta ɗalibai da ake nunawa a talabijin tun zamanin Sobiyet, sai dai manyan gwanayen ban dariya na wancan zamani, irin su Arkady Raikin da Mikhail Zhvanetsky ɗan Odesa, Yahudawa ne, kuma salonsu shi ne faɗa wa hukuma magana ta bayan gida. Ya karanta lauya bai yi aiki da ita ba. Ya kafa kamfanin Kvartal 95, kuma a 2015 ya fara wasan talabijin mai suna Bawan Jama'a, inda ya fito a malamin tarihi da wani ɗalibi ya ɗauke shi bidiyo a ɓoye yana zagin cin hanci, bidiyon ya bazu, aka wayi gari an zaɓe shi shugaban ƙasa. A Afrilu 2019 abin ya faru da gaske. Ya kayar da shugaba mai ci, Petro Poroshenko, da kashi 73 cikin ɗari na ƙuri'u, da jam'iyya mai sunan wasan. Ba wasu dattawan sirri suka ɗora shi ba, talakawan Yukren ne, waɗanda galibinsu Kiristoci ne, da suka gaji da tsofaffin 'yan siyasa.

Da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, ɗaya daga cikin dalilan da Putin ya bayar shi ne raba ƙasar da 'yan Nazi. Ko a Chelm ba a taɓa kawo hujja irin wannan ba, domin shugaban da ake nufi kakansa ya yaƙi Nazi a rundunar Sobiyet, kuma Nazi sun kashe 'yan uwan kakan su uku. Kwana guda da fara yaƙin ya fito titi da dare da manyan muƙarrabansa, ya ɗauki kansa bidiyo da waya don nuna bai gudu ba. Wannan aikin wanda ya san kyamara ne, ya kuma san lokacin da ake sakin magana. A Fabrairu 2025, a zaman nan na Fadar White House da ya rikiɗe ya zama cacar baki da Trump, wani ɗan jarida ya tambaye shi don me ba ya sa kwat. Ya amsa cewa zai sa in yaƙi ya ƙare, wataƙila irin ta mai tambayar, wataƙila wadda ta fi ta kyau, wataƙila wadda ta fi ta araha. Da na ji wannan sai na tuna Hershele a masauki, mai buƙata ne a gidan mai abinci, ba abin da yake da shi sai baki.

Sai dai ga inda abin ya ɗaure mini kai. Barkwancin nan makamin marar ƙarfi ne, to me zai faru in mai shi ya samu ƙarfi? Zelensky da ya yi suna da zagin cin hanci, a Yuli 2025 ya sa hannu a dokar da ta rage 'yancin hukumomin yaƙi da cin hanci na ƙasarsa. Matasa suka fito zanga-zanga da kwalaye a tsakiyar yaƙi, cikin kwana goma ya janye. Yanzu shi ne dattijon da ake ɗauka a kan tebur.

Tambayar ta fi nauyi a kan Isra'ila. Tun 1948 akwai ƙasar Yahudawa mai soja, jiragen yaƙi da kurkuku, kuma mutumin da ke kan benci ba shi da kowa sau da yawa Bafalasɗine ne. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, inda aka kashe kimanin mutum 1,200, yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar ya kashe dubun dubatar mutanen Gaza, da yawansu mata da yara. A Nuwamba 2024 kotun manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama Benjamin Netanyahu. Babu barkwancin da zai sassauta wannan, ban kuma nemi ya yi ba.

Abin da na lura shi ne gardamar nan ta Yahudawa biyu ra'ayi uku ba ta mutu ba, kuma wanda bai san ta ba zai riƙa karanta labarai da ido ɗaya. Yahudawa da yawa sun goyi bayan yaƙin, wannan gaskiya ne. Amma Bernie Sanders, sanatan Amurka da aka haifa a Brooklyn a 1941, wanda mahaifinsa ya yi hijira daga Polan kuma Nazi suka kashe danginsa, ya ƙi halartar jawabin Netanyahu a majalisa a Yuli 2024, ya kira shi mai laifin yaƙi, ya kuma kawo ƙudurorin hana sayar wa Isra'ila wasu makamai, duk da ba su samu rinjaye ba. Chuck Schumer, wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa kuma tsohon masoyin Isra'ila, ya tashi a Maris 2024 ya ce Netanyahu ya zama cikas ga zaman lafiya, ya nemi a yi sabon zaɓe. A Oktoba 2023 ƙungiyar Jewish Voice for Peace ta mamaye babbar tashar jirgin ƙasa ta Niyok tana neman tsagaita wuta, aka kama mutane da yawa. Jon Stewart, ɗan barkwancin da ke gabatar da The Daily Show, ya sha caccakar gwamnatin Isra'ila da ta Amurka kan Gaza, wasu Yahudawan kuma suna caccakarsa. A cikin Isra'ila ma, a 2023 dubban ɗaruruwa sun yi watanni a titi suna adawa da shirin Netanyahu na rage ƙarfin kotuna. Wuraren ibada biyu ne a tsibirin, kuma kowa ya rantse ba zai taka na ɗayan ba.

Daren jiya na ba na kan gadon sama labarin mai karanta jarida a Balin. Ya yi dariya kafin ya farga, sannan ya yi shiru. Can ya ce, “To, na ji. Amma Netanyahu fa?” Na ce Netanyahu na nan a Netanyahunsa, sai dai wanda ya kira shi mai laifin yaƙi a bainar jama'a shi ma Bayahude ne. Ya ce bai yarda ba sai ya gani da idonsa, in tura masa. Na ce datata ta ƙare, ya kunna mini tasa. Ya ce tasa ta karatu ce. Muna cikin haka aka kawo wuta, mu tara muka yi kan soket.